Yadda ake baje kolin kayan gwanjon soja a Amurka ba tare da an kama shago ba

Ƙarfe biyar na asubar Asabar nake isa fili, sanyi na cizon yatsu, fitilar mota kawai ke haska min wurin da aka shata min da farin fenti, ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi. Abu na farko da nake saukewa akwatunan harsashi ne na ƙarfe, fanko, kore-kore ɗinnan masu murfi da roba a baki, saboda su ne ƙafar tebur su ne kujera su ne kuma kayan da za su fara ƙarewa. Kafin ƙarfe bakwai na gama jera komai na yi sallah a bayan mota na sha shayi, kwastoman farko kuma kusan kullum dattijo ne da kofin kofi a hannu, zai ɗauki jaket ya juya cikinta ya karanta tambarin wuya kafin ma ya ce min ina kwana.

'Yan uwa da dama a nan North Carolina suna tambayata yadda wannan harka take, musamman masu ɗan jari da suka gaji da aikin kamfani ko tuƙin Uber suna son abin yi ranakun Asabar da Lahadi. Toh ga abinda na sani, zan faɗa yadda nake yi, wanda ya ga gyara ya gyara.

Abin da Turawan nan suke yayi yanzu na shagon kwana ɗaya ko biyu, a buɗe yau a naɗe gobe, mu ai mun san shi tun kakanni, ɗan koli ne, yau ya ci wannan kasuwa gobe ya ci waccan. Bambancin kawai takardu da haraji, sai kuma irin kayan. Kayan gwanjon soja a Amurka tsohuwar sana'a ce sosai. Wani ɗan kasuwa Francis Bannerman ya yi suna da sayen ragowar kayan yaƙi a New York, bayan yaƙin Amurka da Sifen na 1898 ya kwashi kaya har suka fi ƙarfin ajiya a cikin gari, a 1900 ya sayi tsibiri guda a kogin Hudson ya gina musu rumbu kamar fada, kangon yana nan har yau. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma kaya suka yi ambaliya, kusan kowane gari sai da ya samu shagon kayan soja. Yawancin waɗancan shaguna sun rufe, hayar shago tayi tsada intanet kuma ta janye masu saye. Amma abu ɗaya intanet ta kasa yi, bata iya bari mutum ya zura ƙafa a but ya taka, ya ja zif, ya shinshina bargo. Nan ne abincinka yake.

Takardu tukuna

Kar ka sayi ko safa ɗaya sai ka yi rajistar harajin ciniki. A North Carolina hukumar haraji ta jiha ce ke bada takardar, ta intanet ake cikewa, kuma masu kasuwa za su nemi ganinta kafin su baka wuri, ka sa ta a leda ka liƙa a inda ake gani. Harajin jiha kashi 4.75 cikin 100 ne sannan kowace ƙaramar hukuma ta ɗora nata, saboda haka abinda zaka karɓa a Greensboro daban da na Raleigh, ka duba kafin ka fita. In zaka tsallaka Virginia ko South Carolina cin kasuwa toh can ma da nasu tsarin, ka tambayi mai shirya taron tun da wuri. Takardar harajin nan kuma ita ce zaka nuna wa manyan diloli su sayar maka a farashin sari. Sai inshora, wasu wuraren dole ne wasu ba dole ba, ni dai ina da ita, ranar da iska ta ɗaga rumfarka ta dira a gilashin motar wani zaka gode Allah da ka yi.

Bindiga da sassanta babu ruwanka. Sana'ar sayar da bindiga tana buƙatar lasisin tarayya daga hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, duniya ce daban. Ni ko magazin ɗin harsashi bana ɗorawa a tebur saboda dokarsa ta bambanta daga jiha zuwa jiha, ribar da ke ciki bata kai ciwon kan ba.

Inda ake samo kaya, da inda mutum ke faɗawa rami

Hanya ta halal guda huɗu na sani. Akwai gwanjon gwamnati, hukumar DLA ce ke fitar da kayan da sojoji suka gama da su, ana sayarwa ta shafukan gwanjo irin GovPlanet da GSA Auctions, amma fa a tare ake sayarwa, fallet guda, kai zaka je ka ɗauko da motarka cikin kwanakin da suka ɗiba, kuma baka da damar zaɓe, abinda ka tarar shi ne rabonka. Akwai dilolin sari masu shigo da kayan sojojin Turai, rigunan Jamus masu ɗigo-ɗigo da ake kira Flecktarn, bargunan ulu, jakunkunan Birtaniya, su ma dila-dila suke bayarwa kamar yadda ake kwance dila a Ƙofar Wambai. Sai kamfanoni irin Rothco da Condor da Mil-Tec masu yin sabbin kaya a fasalin na soja, waɗannan ba gwanjo bane sababbi ne fil, amfaninsu zaka samu kowane sayis kuma in ya ƙare ka sake oda.

Akwai kuma gidajen da mai gida ya rasu iyali suka buɗe ƙofa suna sayar da kayansa, a nan nake samun tsoffin abubuwa masu daraja da araha, jaket ɗin M65 na zamanin Biyetnam, tsohuwar jakar ALICE mai firam ɗin alminiyum.

Ramin kuma shi ne wannan, dan Allah a karanta da kyau. Jihar nan cike take da sojoji, Fort Bragg na Fayetteville, Camp Lejeune na Jacksonville. Wata rana wani matashi mai askin soja zai tsaya a teburinka ya rage murya ya ce yana da kaya a but ɗin mota, sababbi a leda, rabin kuɗi. Farantin sulke, hular kwano, madubin ganin dare, katan ɗin abincin soja. Ɗan'uwa ka ce masa na gode Allah ya kawo kasuwa, ya wuce. Yawancin irin waɗannan kaya aro aka ba soja ya sa hannu a kansu, na gwamnati ne, kuma dokar tarayya tana kama wanda ya karɓi kayan gwamnati na sata yana sane, ba wanda ya sata kaɗai ba. Kai da kake baƙo a ƙasa, wataƙila takardunka ma basu gama nuna ba, me zai kai ka. Ni duk abinda na saya a hannun mutum sai na rubuta rana da abinda na saya da nawa na biya, rasit ɗin diloli kuma suna cikin fayil a mota, in an tambaya in buɗe.

Sulke dai na haƙura da shi gaba ɗaya. Dokar tarayya ta hana wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifin tashin hankali ya mallaki rigar sulke, jihar New York kuma tun 2022 bayan harbin da aka yi a Buffalo ta hana sayar wa farar hula sai masu wasu ayyuka da aka lissafa, Connecticut ma da nata sharuɗan. A tebur cikin cunkoso ina zaka tantance waye waye. Rigar da ake zura farantin a ciki, fanko ba faranti, ita ina sayarwa, 'yan wasan bindigar roba ne masu sayenta. Lambar yabo ta Medal of Honor haramun ce a saya ko a sayar ko da wasa. Tsoffin takunkuman gas na Tarayyar Sobiyet ɗinnan da yara ke so, matatarsu an samu asbestos a ciki, in zaka sayar ka cire matatar ko ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa na ado ne kar a shaƙa, ni na daina ɗaukosu ma.

Ka iya karanta tambari

Wannan shi ne ilimin sana'ar, in baka da shi kwastoma zai koya maka a gaban mutane. Kayan soja na asali yana da lamba mai lambobi 13 da ake kira NSN. Huɗun farko nau'in kaya ne, misali 8415 tufafi na musamman, 8465 jakunkuna da ɗamara da makamantansu. Biyun da ke biye ƙasa ce, 00 ko 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus, 14 Faransa. A ƙasa kuma akwai lambar kwangila, in ka ga DLA100-85 toh kwangilar 1985 ce. Da ka faɗa wa mai saye cewa wannan wandon na 85 ne ga shaida, ka ga fuskarsa ta canza, ciniki ya faɗa. Amma ka sani masu jabu ma suna buga irin wannan tambari, shi yasa sai ka haɗa da duba ɗinki da nauyin yadi da irin zif.

Launi ma da kasuwarsa. Kakin daji mai kore da baƙi da ruwan ƙasa wanda aka fara a 1981 shi ne har gobe ba ya kwantai, maharba na so matasa na so. Mai ruwan toka ɗinnan mai kama da hoton da ya fashe, wanda sojan ƙasa suka fara sawa wajen 2005 suka ajiye a 2019, shi kam ya cika ko'ina kuma mutane basu cika sonsa ba, saboda haka kar a lallaɓe ka da araha a jibga maka fallet. Jakunkunansa dai suna tafiya in ka sauke farashi, don yadin mai ƙarfi ne, wasu rina su suke yi.

Sayis na wahalar da mutane. Na Amurka faɗi da tsawo ake haɗawa, irin Medium Regular. Na Birtaniya zaka ga 180/104, wato tsawon mutum da faɗin ƙirji a santimita. Ba'amurke bai saba da santimita ba, toh ka rataya tef ɗin awo a wuya kamar tela, kuma tun a gida ka auna kowace riga ka rubuta a ɗan kati da inci. Ka zo da madubi dogo. Na daɗe ina fita ba madubi, ranar da na fara jingina shi a jikin mota cinikin jaket ya canza, mutum in ya ga kansa a ciki da wuya ya cire.

Sai maganar gaskiya, wadda ni a wurina ita ce jarin gaba ɗaya. Na raba teburina gida biyu. Hannun dama kayan soja na asali, hannun hagu sababbi na kamfani, kuma na rubuta a allo. Kowane gwanjo da darajarsa a kati, sabo ba'a taɓa sawa ba, an sa amma lafiya lau, ko mai aibi, in mai aibi ne ni da kaina nake nuna hujin kafin ya gani. Akwai lokacin da na sayar wa wani bawan Allah but na Turai, a ido kamar sabo, ashe ya shekara da shekaru a sito robar tafin ta mutu, sati bai cika ba ya dawo min da shi a leda tafin ya dagargaje kamar busasshen burodi. Na mayar masa da kuɗinsa nan take na bashi haƙuri, har yau yana zuwa yana kawo min abokansa. Tun daga ranar kowane but sai na lanƙwasa shi da ƙarfi na soka farce a tafin kafin ya hau tebur, wanda ya yi laushi ko yake danƙo shara ne komai kyansa.

Abincin soja na leda, MRE, shi ma a yi hattara. Katan na gwamnati an rubuta a jikinsa cewa mallakar gwamnati ne kuma ba na sayarwa bane, akwai na farar hula da kamfanoni ke yi shi zaka nema. Kwanan watan da aka haɗa shi lamba huɗu ne, 3152 na nufin rana ta 152 a shekarar da ta ƙare da 3, wato 1 ga Yuni 2023, ko kuma 2013 in tsohon ajiya ne, kaga dole ka san daga ina ya fito. Zafi ke kashe shi, kar ka bar shi a mota ko a rana. Kuma ga mu Musulmi wasu ledojin akwai naman alade, ka karanta jikin kowacce, ni ware su nake tun wajen oda.

Wace kasuwa, waɗanne mutane

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kwaso duk abinda ya mallaka ya zube ko'ina ya je. Kowace kasuwa da mutanenta. Kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako irin wadda ke ci a filin baje kolin jiha a Raleigh, iyalai ne da ɗalibai da masu yawon shan iska, ƙananan abubuwa suke saye, hula, gora, bargo, akwatin harsashi, baji na liƙawa, matasa mata da maza kuma suna neman tsohuwar jaket don gayu. Ka tuna a watan Oktoba ana ɗaga ta saboda bikin jiha. Taron baje kolin bindigogi da wuƙaƙe da ake yi a manyan zauruka shi kuma tebur ake haya, mutanen wurin sun san kaya, jaka da ɗamara da aljihunan MOLLE, waɗanda ake saƙalawa a jikin jaka ko riga, da kayan taimakon farko suke nema, kuma masu shiryawa da yawa suna da sharaɗin irin kayan da za'a ɗora, ka karanta kafin ka biya. Filin wasan bindigar roba ranar babban wasa, nan safar hannu da gilashin kare ido da abin gwiwa da ruwan sha za su ƙare kafin azahar. Akwai manya na shekara-shekara, Hillsville a Virginia ƙarshen makon hutun ma'aikata farkon Satumba, kwana huɗu ana ci, ba nisa daga Greensboro. Akwai doguwar kasuwar titin 127 a farkon Agusta, mil 690 daga Michigan har Alabama. Masu tara kayan tarihi kuma Louisville suke haɗuwa a Fabrairu. Waɗannan ka bari sai ka goge, ka fara zuwa a matsayin ɗan kallo ka zagaya ka ga farashi.

Wata dabara da ta yi min amfani, shagon da ke da fili a gaba amma ba irin kayanka yake sayarwa ba, shagon kayan kamun kifi ko wurin koyon harbi ko garejin babura, ka je ka gaida mai wurin ka nemi ya baka Asabar ɗaya, ko ka biya shi kuɗin wuri ko kaso cikin ciniki. A rubuta a takarda komai ƙanƙantarsa, kuma a tambayi hukumar gari ko ana buƙatar izini, garuruwa sun bambanta.

Lokaci ma kaya ne. Daga Satumba zuwa Disamba lokacin farautar barewa da shigowar sanyi, ulu da jakar barci da dogon wando na ciki. Bazara tanti da gidan sauro da hular rana. Lokacin guguwa jarka da tocila da tamfol. Bayan guguwar Helene ta Satumba 2024 da ta ɗaiɗaita yankin Asheville mutane suka yi ta neman jarkar ruwa da murhun tafiya, kuma anan zan ja kunne, jihar tana da dokar hana tsawwala farashi idan an ayyana dokar ta-ɓaci, ko ba doka ma wanda ruwa ya cinye gidansa ba shi ne zaka yi riba a kansa ba. A irin wannan lokaci farashin jiya shi ne na yau.

Jera kaya

Rumfa ƙafa 10, kowace ƙafa ka ɗaura mata nauyi, wurare da yawa fam 40 suke cewa, akwatin harsashi cike da yashi yana yi in nauyinsa ya kai, kuma ya dace da kayan. Tebur biyu a fasalin kwana, ka shimfiɗa bargon soja a kai maimakon leda. Riguna a hanga bisa ƙarfe, kar a jibge, abinda aka jibge ana ganinsa kamar bola. Ka cika jaka ɗaya da jaridu ta tashi tsaye ka ɗaura mata gora da shebur na naɗewa, ka rataya ta sama a bakin rumfa, ita ce allon tallanka, daga nesa ake hangota. A gaba ƙasa ka sa akwati ɗaya na tarkace, komai dala 1 ko 2, ɗan mabuɗin gwangwani P-38, maɓallai, igiya, baji. Mutum in ya tsuguna yana tono ya tsaya kenan, in mutum uku suka tsaya na huɗu zai zo ganin me ake rabawa.

Wuƙaƙe a akwatin gilashi mai makulli kusa da kai, bana sayar wa yaro sai da babba, kuma irin mai fitowa da maɓalli ka binciki dokar wurin tukuna.

Wari, kar a manta da wari. Kayan sito suna zuwa da warin fumfuna da maganin asu. Ina wanke masu wankuwa da ruwan sanyi da ɗan binega in shanya a rana kwana biyu, ulu kuma iska kawai da buroshi. Tsoho zai ce maka warin yana tuna masa da samartaka, amma matarsa ce zata hana a shiga da shi mota.

Farashi ka rubuta a kan komai. Bature da yawa in bai ga farashi ba wucewa zai yi ba zai tambaya ba, duk da haka a kasuwar gwanjo ana tayi, sai ka bar ɗan wurin ragi. Ni na fi son gyara akan ragi, in ya sayi jaka in ɗora masa aljihu ɗaya kyauta, shi ya ji daɗi ni kuma na rage kwantai. Ka zo da canji mai yawa 'yan dala ɗaya da biyar, a jakar ƙugu ba a akwati ba, da na'urar karɓar kati irin Square, suna cire kusan kashi 3 cikin 100, da batirin caji don waya in ta mutu ciniki ya mutu. Lissafi kuma tun kafin ka biya kuɗin wuri ake yinsa. A misali, wuri dala 80, mai dala 40, abinci dala 20, kaga 140 kenan kafin ka sayar da komai, in rabin kuɗin kowane kaya ne ribarka sai ka yi cinikin 280 sannan ka dawo daidai, wahalarka ba'a ma sa ta ba. In kasuwa ta kasa baka ninkin wannan sau biyu a jere ka canza wuri.

Zama da mutane

Da yawan masu tsayawa a teburin 'yan mazan jiya ne. Wani zai ɗauki bargon nan mara nauyi da suke kira wubi ya riƙe shi shiru, sai kuma ya fara baka labarin Iraƙi ko Afganistan. Ka saurara, ko bai sayi komai ba. Wani dattijo ya taɓa zama a kan akwatina kusan awa guda yana nuna min yadda ake ɗaura madaurin jakar ALICE daidai, ashe duk shekarun nan a juye nake sawa, abinda na koya a bakin irinsu ya fi abinda na karanta. Kar ka taɓa cewa ka yi soja in baka yi ba, kar ka sa kaki cikakke da anini kana tsaye a tebur, abin yana musu ciwo kuma suna ganewa cikin tambaya biyu. In an tambaye ni nakan ce ni ɗan kasuwa ne daga Afirka ta Yamma, shikenan. Siyasa kuma za'a kawo maka ita har tebur musamman a taron bindigogi, murmushi da komawa kan maganar kaya ya ishe ka. Na haɗu da masu kallon banza, amma waɗanda suka taya ni riƙe rumfa cikin iska sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Maƙocin tebur ka gaishe shi tun da safe ka taya shi sauke kaya, shi zai duba maka wuri in lokacin sallah ya yi.

Talla ba sai ka kashe kuɗi ba. Ranar Alhamis ka ɗora hotuna a Facebook da Instagram ka faɗi wuri da lokaci da lambar rumfa, ka nuna abu biyu uku da suka fi kyau. Ka kiyaye hoton wuƙa ko wani abu mai kama da makami, suna sauke tallan har su rufe shafi. A tebur kuma ka ajiye littafi wanda yake so ya rubuta imel ɗinsa da abinda yake nema, in ka samo masa but sayis 13 ka aika masa saƙo, zai tako har inda kake.

Akwai tambayar da nasan zata zo, ko za'a iya sarowa a aika gida. Kakin soja dai a'a. A Najeriya doka ta hana farar hula sa kayan soja, kwastam na kama su a tashar jirgin ruwa da filin jirgi, sulke da hular kwano da makamantansu sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma da halin da ake ciki na 'yan bindiga masu shigar sojoji suna tare hanya ba wanda zai saurari bayaninka. Ta ɓangaren Amurka ma fitar da madubin ganin dare da farantin sulke ba lasisi babban laifi ne. Ko a tebur wani ya ce yana son da yawa zai kai ƙasar waje, ka ce babu.

Lahadi da yamma kar ka fara naɗe kaya kafin lokaci, masu shiryawa basa so kuma awar ƙarshe tana kawo masu neman araha, nan zaka sauke nauyin da baka son komawa da shi. Kafin ka tada mota ka ɗauki littafi ka rubuta abinda ya ƙare da abinda aka tambaya baka da shi da abinda ko taɓa shi ba'a yi ba, ka ware kuɗin haraji a ambulan daban tun a wurin don ba naka bane. In ruwa ko raɓa ya taɓa rumfa da barguna kar su kwana a naɗe a mota, ko dare ya yi ka baza su a gareji, safiyar Litinin a fitar da su rana.